Babbar Sallah Ta Ƙarato, Yaya Zan Koya Wa 'Ya'yana Kyauta?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a unguwar Gwammaja, ina da 'ya'ya uku: mace mai shekara 8, namiji mai shekara 5, da auta wadda ta shiga shekara ta uku. Abin da ya faru a ƙaramar Sallar da ta wuce ne ya hana ni sukuni. Yaron ya dawo daga yawon Sallah da kuɗin barka da Sallah a aljihu, sai ga almajirin da yake yi mana aike ya shigo gaisuwa da tsohuwar rigarsa. Na ce wa yaron ya ba shi wani abu, ya ƙi, na maimaita, ya sa kuka. Raina ya ɓaci, na karɓe naira 500 daga hannunsa na miƙa wa almajirin, na kuma kira shi marowaci a gaban baƙi. Tun daga ranar duk abin da ya samu ɓoyewa yake yi, har biskit na tsinta a ƙarƙashin katifa. Ita kuwa yayarsa tana bayarwa, amma sai ta bi kowa tana faɗa, har na ji tana gaya wa wata marainiya 'yar maƙwabtanmu cewa rigar da ke jikinta ai tata ce. Maigidana ya ce yarinta ce, in ƙyale su. Ga babbar Sallah ta ƙarato, kuma in Allah ya yarda za mu yi layya. Yaya zan yi in koya musu kyauta da tausayi?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya raya miki zuri'a, ya shirya mana su baki ɗaya. Maigidanki yana da gaskiya a wani ɓangare, domin yaro ɗan shekara biyar da ya ƙanƙame kuɗinsa bai nuna mugun hali ba, abin da yawancin sa'o'insa za su yi ke nan. Inda ban bi shi ba shi ne batun a ƙyale su, musamman ma babbar, wadda a ganina matsalarta ta fi ta ƙaninta nauyi ko da yake ita ce mai bayarwa. Zan fara da yaron, tunda shi ne ya fi tsaya miki a rai.

Ki duba abin da ya faru ta wajensa. Ya sha rana yana bin gidajen kawunnansa da gwaggonninsa, ya durƙusa ya gaishe su, kowa ya ɗan miƙo masa abin da ya sawwaƙa, ya riƙa ƙirgawa a hanya yana lissafin abin da zai saya. Watakila a duk shekara wannan ne kaɗai kuɗin da ake danƙa masa a ce nasa ne. Da ya iso gida aka karɓe wani kaso da ƙarfi, aka kuma laƙaba masa suna a gaban mutane. Abin da ya ɗauka daga wannan rana shi ne cewa duk abin da ke hannunsa ana iya raba shi da shi muddin aka gani, saboda haka ya koma ɓoyewa. Abin da ya fi wannan muni, yanzu yana iya kallon almajirin a matsayin wanda shigowarsa take jawo masa asara. Shi ma almajirin, wanda yaro ne kamarsa, an miƙa masa kuɗi ana kuka a kansu, kuma ba na jin ya fita daga gidan da farin ciki.

Akwai wani hadisi na Sahlu bin Sa'ad da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda nake so iyaye su riƙa tunawa. An kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin sha, ya sha, a damansa akwai wani yaro, a hagunsa kuma dattawa. Da yake na dama ne ke da haƙƙin karɓa, sai ya nemi izinin yaron ya fara ba dattawan. Yaron ya ce ba zai bar wa kowa rabonsa daga Annabi ba, sai Annabi ya danƙa masa ƙwaryar a hannu. Gaskiya ne cewa albarkar ragowar Annabi yaron yake kwaɗayi, amma abin lura gare mu shi ne an tambaye shi, ya ce a'a, aka kuma bar masa haƙƙinsa ba tare da an kunyata shi ba, alhali dattawa suna zaune. Idan mafificin halitta ya nemi izinin yaro a kan kurɓin abin sha, mu ba mu da hujjar fizge abin da ke hannun 'ya'yanmu da sunan koya musu alheri.

Masu nazarin halayyar yara ma sun ga irin wannan. A shekarar 2013 wasu masu bincike a Jami'ar Cornell da ke Amurka sun gwada yara 'yan shekara uku zuwa huɗu. Wasu an bar musu zaɓi, ko su riƙe wani ɗan abin wasa ko su ba wata 'yar tsana da aka ce tana baƙin ciki, wasu kuma aka umarce su da su bayar. Da aka sake ba su damar rabawa daga baya, waɗanda suka bayar da zaɓin kansu sun fi sakin hannu a kan waɗanda aka umarta. Dalilin a fili yake: wanda ya zaɓa da kansa yana fara ganin kansa a matsayin mai kyauta, wanda aka tilasta kuwa bin umarni kawai ya yi.

Saboda haka abu na farko da zan ba ki shawara a kai shi ne ki mayar masa da naira 500 ɗinsa kafin Sallah. Ki kira shi ku biyu, ki ce masa kuɗinsa ne da kika ɗauka ranar Sallah, sadakar da aka ba almajiri kuwa ta zama taki. Wannan ba zai rage miki kwarjini a idonsa ba, zai ma sa ya ƙara yarda da maganarki. Ki saya masa asusu, ki tabbatar masa ba mai fasa shi sai da saninsa, kuma ki cika wannan alkawari ko da kin rasa canjin cefane. Sunan marowaci kuma a daina shi a gidan gaba ɗaya, har da bakin yayarsa da masu zuwa, domin yaro yakan rungumi sunan da aka fi kiransa da shi. Biskit ɗin ƙarƙashin katifa ki yi kamar ba ki gani ba. Ranar da ya tabbata abinsa nasa ne, ɓoyon zai ragu da kansa.

Bayan hankalinsa ya kwanta sai ki fara buɗa masa ƙofar bayarwa da ƙananan abubuwa. Idan kin soya cincin ko dubulan, ki zuba masa nasa, ki ce ga wane can a soro, ko zai ɗiba masa? Idan ya ɗauki ƙwaya biyu kacal, ki bar shi ya kai biyun, kada ki ce sun yi kaɗan, kada kuma ki ƙara daga cikin nasa. In kina ganin abin ya yi ƙaranci, ki cika daga naki daban. Manzon Allah ya ce mu kare kanmu daga wuta ko da da tsagin dabino ne, don haka ƙwaya biyun da ya bayar da yardarsa sun fi ɗari biyar ɗin da aka ƙwace. Idan kuma ya ce a'a, ki ce to, ki ɗibi naki ki bayar yana kallo, ba tare da harara ko habaici ba.

Kada ki yi masa alkawarin lada na abin duniya, irin su in ka ba shi zan saya maka alawa. Wani bincike da aka yi a Jamus a shekarar 2008 a kan yara 'yan wata 20 ya nuna cewa waɗanda aka riƙa ba abin wasa duk lokacin da suka taimaka sun rage taimakon da aka daina ba su, alhali waɗanda aka yaba musu da baki kawai, ko ba a ba su komai ba, sun ci gaba. Abin da ya fi amfani shi ne ki ja hankalinsa ga wanda aka ba: ka ga yadda ya yi murna? Sannan ki sa masa albarka. A nan dole in taɓo tukuici, tunda yaran Kano sun san gidajen da ake ba da mai tsoka idan an kai tuwon Sallah, har rububin zuwa can suke yi. Tukuici al'ada ce mai kyau, ba na cewa a hana su karɓa, amma ki tabbata kina aikensu har gidajen da kika san ba abin da za a ba su sai addu'a, kuma idan sun dawo ki tambaye su addu'ar da aka yi musu da irin murnar da kike tambayar nawa aka ba su.

Layyar da za ku yi babbar dama ce, domin a nan abin da za a raba na gida ne, ba a taɓa aljihun kowa ba. A Suratul Hajji, aya ta 28 da ta 36, Allah ya yi umarni a ci daga abin da aka yanka kuma a ciyar da mabuƙaci, wanda ya roƙa da wanda ya kame bakinsa. Malamai da yawa sun so a kasa naman uku, na gida da na kyauta da na sadaka, malaman Malikiyya kuwa ba su ƙayyade kaso ba, sun dai so a haɗa ci da ciyarwa. Tun daren Sallah ki zaunar da su, ki ba babbar takarda da biro, ki ce su faɗi waɗanda suke ganin ba za su yi yanka ba. Za ki yi mamakin abin da suka sani, domin yara suna shiga gidajen da manya ba sa shiga: mai gadin layi, ɗan garuwan da ke kawo muku ruwa, tsohuwar da ke sayar da ƙuli a lungu, ɗan ajinsu na Islamiyya da mahaifinsa ya rasu. Idan sun rasa ta inda za su fara, ki gaya musu cewa Nana A'isha ta tambayi Annabi wanne daga cikin maƙwabtanta biyu za ta yi wa kyauta, ya ce wanda ƙofarsa ta fi kusa da tata.

Washegari, idan an sauke naman an baza shi a kan tire ana kasawa, ki ba yaron aikin riƙe leda yana buɗewa, ke kina zubawa kina ambaton sunan mai kason, yayarsa tana sa alama a takarda. Ki kula ƙwarai da abin da kike zubawa a kowace leda, domin a nan ne yawancinmu muke rushe abin da muke koyarwa da baki. Sau da yawa cinya da tsoka mai kyau suna tafiya gidan surukai da gidan masu hali waɗanda su ma sun yanka raguna, talaka kuma a haɗa masa ƙashi da kitse da ragowar kayan ciki. Yara suna gani, kuma ɗan shekara biyar ya san bambancin tsoka da ƙashi. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mu nufar mummunan abu mu bayar, wanda mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. Ki bari ya ga kin ɗauki tsoka mai kyau kin sa a ledar mai gadi, sannan ki ce ya kai da hannunsa, ya yi sallama, ya gaishe shi, ya miƙa da hannun dama. Idan kuma yana tsoron ganin yanka, kada a tilasta masa tsayawa, aikinsa yana wajen rabo.

Yanzu ga batun babbar. Abin da ta yi wa marainiyar nan gori ne, kuma shekara takwas ta isa a gaya mata haka a fili, cikin taushi, ba a gaban ƙannenta ba. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 264, kada mu ɓata sadakokinmu da gori da cutarwa, a ayar da ta gabace ta kuma ya ce magana mai daɗi da yafiya sun fi sadakar da cutarwa ke biye da ita. Ki tambaye ta yadda za ta ji idan tana cikin ƙawayenta wata ta nuna rigarta ta ce tata ce. Ki fahimtar da ita cewa daga ranar da rigar ta bar hannunta ta tashi daga tata, ba ta da sauran magana a kanta, kuma yarinyar da ta sa rigar ita ce ta taimake ta ta samu lada. Sannan, 'yar'uwa, ki saurari irin hirar da ake yi a gidan, ke da masu zuwa wurinki. Idan ana yawan cewa mu ne muka yi wa su wane kaza, ko ana ɗaukar hoton wanda aka ba sadaka ana ɗorawa a WhatsApp da Facebook, to yarinya ba ta ƙirƙiri komai ba, abin da ta ji ta maimaita.

Maganin gori shi ne a ɗanɗana mata daɗin sirri. Ki ce mata wannan Sallar akwai abin da za ku yi ke da ita, ba wanda zai sani sai Allah. In da hali, lokacin da za ki shiga Kantin Kwari yanko musu kayan Sallah ki tafi da ita, ta zaɓi yadi ko atamfar da ita kanta take so, a yanko har da na marainiyar, a kai wa tela ɗaya. Idan an ɗinka, ke za ki kai wa mahaifiyar yarinyar ko mai riƙonta da daddare, domin ita ta ba 'yarta da hannunta, yarinyar ba ta ma san daga inda ya fito ba. Ranar Sallah 'yarki za ta gan ta cikin sabon ɗinki tana murna, bakinta zai yi ƙaiƙayi, kuma wannan haƙurin na yin shiru shi ne darasin. Ki gaya mata cewa cikin mutum bakwai da Allah zai sa a inuwarsa ranar ƙiyama akwai wanda ya yi sadaka ya ɓoye ta har hagunsa bai san abin da damansa ya bayar ba. In ba halin sabon ɗinki, ta zaɓo daga kayanta wanda har yanzu take so, a wanke a goge a ninke, a bi ta wannan hanyar. Wanda ya koɗe ko ya yage ba shi ne abin bayarwa ba.

Game da almajirinku, ina so ki tambayi kanki ko yaranki sun san sunansa da garinsu da sunan malaminsa. Yaro ba ya tausayin wanda bai sani ba. Ranar Sallah a zuba masa daga tukunyar da aka zuba wa 'yan gida tun abincin yana da zafi, ya zauna ya ci tare da ɗanki, maimakon a jira a tara masa ragowa. Wanda kuma ya zo bara aka rasa abin ba shi, ki koya musu su ce Allah ya ba da haƙuri cikin ladabi, tunda Suratud Duha, wadda babbar ta riga ta haddace ko tana dab da haddacewa, ta hana yi wa mai roƙo tsawa.

Auta ba ta buƙatar wa'azi. A shekarunta kalmar nawa ce take fara zama a bakinta, kuma haka ya kamata. Ki dai riƙa sa abu a hannunta ta miƙa, ki koya mata karɓa-karɓa wajen wasa, kuma kada ki riƙa ƙwace na yayyenta kina ba ta don ta yi kuka, domin wannan ma yana cikin abin da ke sa yaron ɓoyo.

Wasu iyayen sukan kai yara gidan marayu na Nassarawa ko asibitin yara na Hasiya Bayero da kayan Sallah. Abu ne mai kyau ga mai shekara takwas idan an nemi izinin masu kula da wurin kuma an bar waya a jaka, amma ziyarar shekara-shekara ba za ta maye gurbin maƙwabcin da suke gani kullum ba.

Idan Allah ya kai mu azumi mai zuwa, kada ki bari a fitar da zakkar fidda kai yara suna barci ko suna waje. Hadisin Ibn Umar ya nuna an wajabta ta a kan babba da yaro, namiji da mace, sa'i ɗaya ga kowane mutum, wato mudun Annabi huɗu, na dabino ko sha'ir (malamai suka ce a fitar daga abincin da mutanen gari suka fi ci), kuma a bayar kafin a fita Idi. Ma'ana kowane ɗayansu yana da nasa awon, har auta. A shimfiɗa tabarma, a kawo buhun gero ko masara ko shinkafa, mahaifinsu ya riƙa aunawa yana cewa wannan na wane ne, yaron ya riƙe bakin ƙwarya yana ƙirga mudu huɗunsa, sannan a tafi da shi gidan da za a kai. Yaron da ya ga an auna hatsi da sunansa an kai wa wani ya san yana cikin masu bayarwa tun kafin ya mallaki komai.

Maigidanki kuma ki nemi ya shigo cikin lamarin ta hanyar da ba za ta zama gardama ba, domin ɗa namiji a wannan shekarun idonsa yana kan mahaifinsa. Ibn Abbas yana yaro ya halarci Idi tare da Annabi, ya ga yadda bayan huɗuba ya nufi wajen mata tare da Bilal ya kwaɗaitar da su sadaka, suka riƙa cire 'yan kunne da zobba suna jefawa a tufar Bilal, kuma shi ne ya ba da labarin bayan ya girma. Idan za su tafi filin Idi na Ƙofar Mata ko masallacin da suka saba, mahaifin ya tanadi canji daga aljihunsa, ya riƙa ba yaron yana miƙa wa mabuƙatan da ke bakin hanya, ya kuma gaya masa a fili cewa wannan kuɗin Baba ne, nasa yana nan a aljihunsa ba wanda zai taɓa. Wataƙila a hanyar dawowa ya zaro naira hamsin daga nasa ya bayar, wataƙila kuma ya dawo da kuɗinsa cif. Idan na biyun ne ya faru, kada ke ko mahaifinsa ku ce masa komai a kai, ku ba shi ledar naman mai gadi ya kai, ku sake gwadawa ranar Juma'a mai zuwa.